Siyasar Talakawa, Dokar Shige da Fice da Amanar Jama'a: Bayani ga Al'ummar Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Gabatarwa

Duk wanda yake zama a majalisun hira na Gusau, ko yake cin kasuwannin Tsafe da Bunguɗu, ya san cewa maganar baƙi ba ta barin bakin jama'a. Wasu na cewa duk fitinar da ta addabi jiharmu daga ƙetaren iyaka ta shigo, saboda haka a rufe iyaka, a kori kowa. Wasu kuma na cewa rufe iyakar da aka yi a baya bai haifar da komai ba illa tsadar abinci da mutuwar kasuwanni. Abin da ya haɗa ɓangarorin biyu shi ne shakku, domin kowannensu yana ganin hukuma ba ta faɗa masa gaskiyar abin da ake ciki.

Maƙasudin wannan bayani shi ne a fayyace wa jama'a, musamman mazauna karkara, da hakimai, da dagatai, da masu unguwanni, da ma'aikatan ƙananan hukumomi, yadda sha'anin shige da fice yake gina amana tsakanin gwamnati da talakawa ko kuma ya rushe ta. Za mu ɗauki misali daga jam'iyyun da suka hau mulki da sunan kare talaka, domin su ne wannan batu ya fi jefawa cikin tsaka mai wuya. Daga nan sai mu dubi abin da doka ta tanada, da kuma aikin da ya rataya a wuyan kowannenmu.

Mece Ce Siyasar Matsakaicin Ra'ayin Sauyi?

Masana siyasa sukan kasa jam'iyyu zuwa na hagu da na dama. Wannan rabo ya samo asali ne daga majalisar Faransa a shekarar 1789, inda masu son sauyi suke zama a hannun hagun shugaban majalisa, masu son a riƙe tsohon tsari kuma a hannun damansa. Waɗanda ake kira masu matsakaicin ra'ayin sauyi su ne waɗanda suka karkata hagu ba tare da sun kai ƙarshen bango ba. Sun yarda da zaɓe, sun yarda da kasuwanci, amma sun dage cewa wajibi ne gwamnati ta tsaya wa mai ƙaramin ƙarfi ta fuskar ilimi, da lafiya, da albashi, da rangwamen haraji.

Wannan ra'ayi ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Marigayi Malam Aminu Kano yana shugabantar makarantar horon malamai ta Maru, maƙwabciyar Bunguɗu, lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. A cikin wannan shekara ya ajiye aikin koyarwa ya rungumi siyasa, kuma ya zama shugaban jam'iyyar a 1953. Magajiyarta, wato PRP, ta ci kujerar gwamna a jihohin Kano da Kaduna a 1979, inda Alhaji Abubakar Rimi da Alhaji Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Haka nan, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa jam'iyyu biyu a 1989, ta bayyana SDP a matsayin wadda ta ɗan karkata hagu, NRC kuma ta ɗan karkata dama. A bakin jama'armu, sunan da ya fi dacewa da wannan aƙida shi ne siyasar talakawa, kuma jarinta guda ɗaya ne tak, wato yardar talaka.

Inda Gizo Ke Saƙa

Matsalar da irin waɗannan jam'iyyu ke fuskanta ita ce, baƙon da ya tsallako iyaka galibi talaka ne, wanda zai karɓe shi kuma shi ma talaka ne. Ɗan ci-ranin da ya zo daga Nijar yana ga-ruwa, ko gadi, ko sayar da shayi, ba ya gogayya da mai gidan sama. Gogayyarsa da ɗan dako ne, da ɗan ƙwadagon gona, da mai hayar ɗaki ɗaya. Da su yake bin layin rijiyar burtsatse, da su yake jiran likita a ƙaramin asibiti.

To, aƙidar jam'iyya tana cewa a tausaya wa baƙo, masu jefa mata ƙuri'a kuma suna cewa a fara da na gida. Idan ta toshe kunnenta ga kukan 'yan gida, sai su ce ta manta da su. Idan ta matsa wa baƙi lamba, sai a ce ta ci amanar aƙidarta. Tarihi ya nuna cewa jama'a suna iya jure doka mai tsanani, suna kuma iya jure doka mai sassauci. Abin da ba sa yafewa shi ne a yanke hukunci ba tare da shawara da su ba, ko a faɗa musu adadin da ba shi ke nan ba, ko a yi musu alkawari a kasa cikawa.

Darasi Daga Maƙwabciyarmu Nijar

Misali mafi kusa da mu yana Jamhuriyar Nijar. Jam'iyyar PNDS-Tarayya, wadda ta mulki ƙasar daga 2011 zuwa 2023 a ƙarƙashin Mahamadou Issoufou da kuma Mohamed Bazoum, tana cikin jam'iyyun matsakaicin ra'ayin sauyi. A watan Oktoba na 2013 aka gano gawarwakin mutum 92 a cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram, waɗanda ƙishirwa ta kashe bayan motocinsu sun lalace. Wannan musiba ta girgiza ƙasar, ta kuma nuna cewa akwai buƙatar doka.

A watan Mayu na 2015 aka kafa dokar da ta haramta safarar baƙin haure, aka fara aiki da ita gadan-gadan a 2016, lokacin Bazoum yana ministan cikin gida. An kama direbobi, an ƙwace motoci, an ɗaure wasu. Tarayyar Turai, wadda ke son a rage masu tsallaka teku daga Libiya, ta tallafa da kuɗi masu yawa.

Sai dai birnin Agadas ya daɗe yana cin abinci daga matafiya. Direbobi, da masu masauki, da masu abinci, da makanikai, da masu sayar da jarkokin ruwa, duk da wannan hanya suka dogara. Da aka toshe ta, an rubuta sunayen dubban mutane da alkawarin za a ba su jarin sauya sana'a, amma kaɗan daga cikinsu ne suka ga tallafin. Masu safarar da suka ƙi dainawa kuma sai suka koma bin hanyoyin da ba su da rijiyoyi don kauce wa jami'an tsaro, abin da ya ƙara haɗari ga rayukan da aka ce za a ceta. Ta haka mutane da yawa suka ɗauka cewa an yi dokar ne don Turawa.

Sojojin da suka kifar da gwamnati ranar 26 ga Yuli, 2023 sun kafa hujja ne da taɓarɓarewar tsaro da rashin iya mulki, amma bayan wata huɗu, a Nuwamba 2023, Janar Abdourahamane Tiani ya soke dokar, kuma mutane da dama a Agadas suka yi murna. Doka ce mai dalili, amma ba a shawarci waɗanda za ta shafa ba, ba a kuma cika musu alkawari ba, shi ya sa da ta faɗi ba ta sami masu tsaya mata a cikinsu ba.

Yadda Abin Yake a Turai

A Birtaniya, gwamnatin jam'iyyar Leba ta Tony Blair ta buɗe ƙofar aiki ga 'yan ƙasashe takwas na gabashin Turai a 2004, bisa hasashen cewa waɗanda za su shigo ba za su wuce 13,000 a shekara ba. Cikin 'yan shekaru sai ga dubban ɗaruruwa. Baƙin sun yi aiki, sun biya haraji, amma ma'aikatan ƙasar ba su manta da cewa lissafin da aka ba su ya saɓa da abin da idonsu ya gani ba. Jam'iyyar 'yan mazan jiya da ta karɓi mulki a 2010 ita ma ta yi alkawarin rage adadin zuwa ƙasa da 100,000 a shekara, aka yi shekara da shekaru ba ta cika ba. Wannan fushi yana cikin dalilan da suka sa jama'a suka zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai a 2016.

A Danmak kuwa, jam'iyyar Mette Frederiksen, wadda ita ma ta matsakaicin ra'ayin sauyi ce, ta fito fili kafin zaɓen 2019 ta ce za ta tsaurara dokar shigowa, bisa hujjar cewa ƙananan ma'aikata ne ke ɗaukar nauyin shigowar da ba ta da tsari. Ta kafa gwamnati, ta kuma aikata abin da ta faɗa, ko da yake masu kare haƙƙin ɗan'adam sun soki wasu matakanta da cewa sun yi tsanani. Ba muna cewa a kwaikwayi wannan ko waccan ba. Abin lura shi ne, inda magana ta yi daidai da aiki, jama'a sun ci gaba da sauraren gwamnati.

Abin da Muka Gani a Gida

Nijeriya ma ta ɗanɗana irin wannan a ƙarƙashin gwamnatoci daban-daban. A watan Janairu na 1980 aka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, aka tsallakar da shi Chadi bisa zargin cewa ba ɗan ƙasa ba ne. Kotu ta wanke shi ta tabbatar masa da 'yancinsa, jama'a kuma suka fahimci cewa ana iya mayar da dokar shige da fice makamin siyasa. A Janairu 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka fita, akasarinsu 'yan Gana, tare da 'yan Nijar da Chadi masu yawa, amma tattalin arziki bai farfaɗo ba, domin tushen ciwon faɗuwar farashin man fetur ne. Daga Afrilu 1984 zuwa Maris 1986 an rufe iyakokin ƙasa, abin ya haɗu da fari, har Hausawan Nijar suka laƙaba wa yunwar lokacin sunan El-Buhari.

A watan Agusta na 2019 aka sake rufe iyakoki don daƙile fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai, aka kuma hana sayar da man fetur a garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. An buɗe Illela da Maigatari a Disamba 2020, Jibiya kuwa sai Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin Nijar an sake rufewa a 2023, aka buɗe a Maris 2024. Gusau da Tsafe da Bunguɗu ba sa kan iyaka, amma hanyar Ƙauran Namoda zuwa Zurmi da Jibiya ta haɗa kasuwanninmu da na Maraɗi, saboda haka duk rufewar da aka yi, masu fataucin dabbobi da hatsi sun ji a jikinsu.

Tsoron da jama'a ke yi ba na banza ba ne. Makamai sun bazu a yankin Sahel tun bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011, kuma a Nuwamba 2024 rundunar tsaro ta ƙasa ta sanar da ɓullar Lakurawa a jihohin Sakkwato da Kebbi. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A Afrilu 2019 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a Zamfara, ta ba baƙin da ke wuraren haƙar sa'o'i 48 su tashi, duk da haka hare-hare ba su tsaya ba, har aka ɗage haramcin a Disamba 2024. Kwamitin da gwamnatin jiha ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, Alhaji M. D. Abubakar, ya nuna cewa akwai hannun 'yan gida dumu-dumu a cikin lamarin. Duk jami'in da ya ɗora wa baƙi laifin gaba ɗaya, ya sauƙaƙa wa kansa magana a yau, amma gobe idan aka kori baƙin, fitina ba ta tafi ba, ba wanda zai sake yarda da shi.

Ya kamata kuma mu tuna cewa mu ma mun zama baƙi. A shekarar 2019 kaɗai, Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya sama da mutum 40,000 daga Zamfara da Sakkwato da Katsina da suka tsere zuwa jihar Maraɗi, inda mutanen ƙauyukan Gidan Rumji suka sauke da yawa daga cikinsu a gidajensu. Garuruwanmu ma da baƙi suka bunƙasa. Gusau ta haɓaka ne bayan jirgin ƙasa ya ratsa ta zuwa Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, cinikin gyaɗa da auduga ya jawo mutane daga kudu da arewa suka cika Sabon Gari da Tudun Wada. Ko sarautun Sarkin Katsinan Gusau da Sarkin Fulanin Bunguɗu suna tuna mana cewa kakanninmu tafiya ce ta kawo su.

Abin da Doka Ta Tanada

Da farko, sha'anin shige da fice na Gwamnatin Tarayya ne kaɗai, kamar yadda tsarin mulkin 1999 ya tanada, kuma Hukumar Kula da Shige da Fice ta Ƙasa ce ke gudanar da shi bisa dokar 2015. Gwamnatin jiha, ko ƙaramar hukuma, ko masarauta, ko ƙungiyar sa-kai, babu wadda take da ikon korar wani daga ƙasa.

Na biyu, yarjejeniyar ECOWAS da aka sa wa hannu a Dakar a 1979 ta ba ɗan kowace ƙasar ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba har tsawon kwana 90, muddin yana da sahihiyar takardar tafiya. Wanda zai wuce haka sai ya yi rajista ya nemi izinin zama. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu, 2025, amma a lokacin ECOWAS ta buƙaci ƙasashenta su ci gaba da amincewa da takardun 'yan waɗannan ƙasashe har sai an sake sanarwa. Mai neman sanin matsayin da ake ciki ya tuntuɓi ofishin hukumar da ke Gusau.

Na uku, sashe na 41 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so a cikin ƙasa, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko asalin gari. Bisa ga haka, manomin da 'yan bindiga suka taso daga ƙauyen Tsafe ya sauka Gusau ɗan gida ne. Makiyayin da aka haifa a dajin Bunguɗu, wanda ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan Nijeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne, ko yana da katin shaida ko bai samu ba tukuna.

Aikin da Ke Gabanmu

Tun kafin zuwan Turawa muna da tsarin karɓar baƙo. Fatomansa ko maigidan da ya sauke shi zai kai shi wurin mai unguwa, mai unguwa ya sanar da dagaci, dagaci ya sanar da hakimi. An san sunansa, an san sana'arsa, an san wanda ya tsaya masa. Farfaɗo da wannan tsari ba ya buƙatar kasafin kuɗi mai yawa, saboda haka ake jan hankalin masu ruwa da tsaki ga waɗannan abubuwa:

1. Masu unguwanni su buɗe littafin baƙi, su rubuta sunan duk wanda ya sauka, da inda ya fito, da wanda ya sauke shi, ba tare da karɓar ko kwabo ba.

2. Masu gidajen haya, da sarakunan tasha, da shugabannin kasuwanni, su san waɗanda ke kwana a wurarensu.

3. Wanda aka yi shakkarsa a miƙa bayaninsa ga 'yan sanda ko jami'an shige da fice. Ɗaukar doka a hannu laifi ne, kuma sau da yawa marar laifi ne yake hallaka.

4. Jami'an ƙananan hukumomi su daina faɗin adadin da ba su ƙidaya ba. Wanda bai tabbatar ba ya ce zai bincika, ya kuma dawo da amsa.

5. Kafin a ɗauki matakin da zai taɓa abincin mutane, kamar rufe kasuwa ko hanya, a zauna da waɗanda abin zai shafa, a faɗa musu dalili, da tsawon lokaci, da ranar da za a sake duba shi.

6. Wajen rabon tallafi a haɗa ɗan gudun hijira da maigidan da ya sauke shi, domin shi ma rumbunsa ya ragu.

7. Duk wanda jami'i ya nemi cin hanci a hannunsa a shingen bincike ko wurin yanka takarda, ya kai ƙara ga shugabannin hukumar, domin naira ɗari biyar da aka karɓa a kan hanya tana rushe wa'azin shekara guda.

Kammalawa

Hausawa na cewa alkawari kaya ne. Daga Agadas zuwa Landan, daga 1983 zuwa 2024, abin da ya raba gwamnatoci da talakawansu a kan batun baƙi shi ne kayan da aka ɗauka aka kasa saukewa. Jama'a na da haƙƙin su san wanda ya shigo garinsu, baƙo mai bin doka kuma yana da haƙƙin ya kwana lafiya. Mai unguwar da ya riƙe littafinsa da gaskiya, da jami'in da ya faɗi abin da ya sani kawai, su ne za su fara dawo da amanar da ta yi rauni.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya a jihar Zamfara da Nijeriya baki ɗaya, amin.